Ajin da ke gasa mu a watan Afrilu

Mu da muka yi sakandare tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma mun san yadda aji yake da ƙarfe ɗaya na rana a watan Afrilu. Kwano ya ɗauki zafi, silin ya daɗe da zubewa, malam na bayani, mu kuwa muna fifita da littafi. Sai da muka shiga jami'a muka fara tambaya: da wane lissafi aka yi mana wannan gini?

Lissafin ranar gini ne kawai. Bulo, siminti, kwano mai arha, an gama. Ba a sa kuɗin fanka da man janareta ba, balle rufin da iskar farkon damina ke yayewa, balle darasin da zafi ya cinye. Shi kansa siminti, masana'antunsa ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya.

Kakanninmu da tubali suka yi gini, suka rufe da azara. Bango mai kauri yakan shanye zafin rana, sai dare ya sake shi, shi ya sa soro ke da sanyi da azahar. Hasumiyar Gobarau ta Katsina ta yi ɗaruruwan shekaru a tsaye. Amma kada mu ruɗi kanmu. Ginin ƙasa na son yaɓe kafin damina, maginan da suka iya aikin makuba sun yi ƙaranci, giginyar da ake yin azara da ita kuwa ba ta girma da wuri. Ramin da aka haƙi ƙasar ma yakan zama kududdufin sauro.

Akwai masu haɗa biyun. A Dandaji, wani ƙauyen Hausawa a Nijar, an kammala masallaci a 2018 da bulon ƙasa da aka matse da inji. A Gando ta Burkina Faso, Francis Kéré ya gina firamare a 2001: bango da silin na ƙasa, kwano kuma an ɗage shi sama don iska ta ratsa ƙarƙashinsa. A ganinmu, wannan ya fi dacewa da garuruwanmu.

Gobe in kun shiga aji, ku duba. Tagogin suna fuskantar juna, ko gefe ɗaya suke? Akwai bishiyar bedi a yamma da ginin? Ku taɓa bangon yamma da la'asar, sannan ku je ku taɓa na zauren kakanku.