Mu Ziyarci Fagen Yaƙin Giginya A Sakkwato

Jama'a, duk wanda ya taɓa shiga birnin Sakkwato ya ji sunan Giginya. Akwai filin wasa na Giginya. Akwai barikin soja na Giginya. Akwai kuma otal mai wannan suna. Amma mutane da yawa ba su san dalilin sunan ba.

Giginya fagen yaƙi ne. A nan mutanen Sakkwato suka kara da sojan Turawan Ingila ranar Lahadi, 15 ga Maris, 1903. Daga wannan rana mulkin ƙasarmu ya koma hannun Turawa, har zuwa shekarar 1960.

A wannan wata za mu bayyana abin da ya faru a wurin, da yadda mutumin karkara zai kai ziyara ya ƙaru. Wanda ya je bai san labari ba, gidaje da tituna kawai zai gani. Wanda ya san labari kuwa, zai dawo gida da ilmi.

Yadda Abin Ya Faro

Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne ya gina Sakkwato a 1809. Daga nan ta zama cibiyar daula babba. Sarakunan Kano da Katsina da Zazzau da Bauchi da Adamawa duk suna yi wa Sarkin Musulmi biyayya.

A can ƙasar Turai kuwa, manyan ƙasashe sun yi taro a birnin Balin na Jamus a 1884 zuwa 1885. Sun tsara yadda za su kama ƙasashen Afirka ba tare da sun yi faɗa da juna ba. Faransa ta ɓullo ta arewa. Jamus ta ɓullo ta wajen Kamaru. Ingila ta biyo Kogin Kwara daga kudu.

A 1900 Gwamna Lugga ya yi shela a Lakwaja cewa Arewa ta shiga hannun Ingila. Sojansa suka riƙa cin garuruwa ɗaya bayan ɗaya. Sun ci Bida da Kwantagora da Yola a 1901. Sun shiga Bauchi a 1902. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu, 1903. Saura Sakkwato.

A lokacin, Sarkin Musulmi shi ne Muhammadu Attahiru na Ɗaya. Bai yi ko rabin shekara a kan gado ba. Shawara ta rabu uku a fada. Wasu suka ce a yi yaƙi. Wasu suka ce a nemi sulhu. Wasu suka ce a yi hijira. Ana cikin haka sai ga labari Turawa sun ƙaraso.

Ranar Yaƙi

Kanar Molan ne ya jagoranci sojan Turawa daga Kano. Ya haɗu da wata runduna da ta taso daga Argungu. Suka doshi Sakkwato ta kudu. Duka-duka ba su kai mutum dubu ba. Turawan cikinsu ma kaɗan ne. Yawancin sojan baƙaƙen fata ne irinmu da aka ɗauka aiki.

Mutanen Sakkwato sun fita bayan ganuwa, suka ja daga a fili. Sarkin Musulmi yana tsakiya. Marafa Muhammadu Maiturare na Gwadabawa yana riƙe da gefe ɗaya. Sarkin Rabah Ibrahim yana riƙe da ɗaya gefen. Sun fi Turawa yawa nesa ba kusa ba.

Hausawa na cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. To, ran nan ba haka ta kasance ba. Makaman mutanenmu su ne takobi da mashi da kwari da baka, sai 'yan bindigogi. Turawa kuwa suna da igwa, suna da bindiga mai ruwa, wadda ke fitar da ɗaruruwan harsasai cikin minti ɗaya. Sojansu sun tsaya sahu-sahu ta fuska huɗu, suna harbi daga nesa. Doki ba ya isa wurinsu kafin a harbe shi. Takobi kuwa ba ya sara sai an zo kusa.

Tun kafin azahar yaƙi ya ƙare. Amma wasu mazaje sun ƙi gudu. Sun kewaye tutar Sarkin Musulmi. In wanda ke riƙe da ita ya faɗi, sai wani ya ɗauka. Haka suka yi har aka kashe su a wurin. Wata giginya da ke filin ce ta ba yaƙin sunansa.

Masu Tafiya Da Masu Zama

Bayan yaƙi, shugabanni sun rabu biyu. Sarkin Musulmi Attahiru ya ƙi zama a ƙarƙashin Turawa. Ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Dubban mutane suka bar gonakinsu suka bi shi, ga damina tana matsowa. Turawa suka bi sawunsa har Burmi, a cikin Jihar Gombe ta yanzu. A can aka kashe shi ranar 27 ga Yuli, 1903, tare da ɗaruruwan mutanensa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da sauran jama'a har ƙasar Sudan. Sun kafa gari a bakin Kogin Nilu mai suna Mai Wurno. Har yau akwai zuriyarsu a can.

Waziri Muhammadu Buhari kuma ya nemi shawarar malamai. Ya ga in kowa ya tafi, ba mai kula da tsofaffi da mata da yara da masallatai. Sai ya dawo birni ya sasanta da Turawa. Ranar 21 ga Maris, 1903, aka naɗa Muhammadu Attahiru na Biyu Sarkin Musulmi. Lugga ya yi alkawarin ba zai hana addini ba. Marafa Maiturare, wanda ya yi yaƙi a Giginya, shi ma ya zama Sarkin Musulmi a 1915.

Mai ziyara ya lura da wannan. Kada ya ce masu tafiya ne kaɗai jarumai. Kada kuma ya ce masu zama ne kaɗai masu hankali. Kowannensu ya ɗauki nauyi mai girma don ya tsare addini da jama'a.

Wuraren Da Za A Gani

Na farko, a fara da gidan tarihi na Waziri Junaidu. A nan ake ajiye tsofaffin littattafai da takardu da kayan yaƙin da. Ka tambayi ma'aikatan wurin su kwatanta maka inda aka yi yaƙin. Wannan yana da muhimmanci, domin gari ya faɗaɗa, gine-gine sun cinye yawancin filin.

Na biyu, a je kudancin tsohon birni, wajen Ƙofar Atiku da Ƙofar Kade. Ganuwa ta rushe, amma sunayen ƙofofin suna nan. Ka tsaya ka fuskanci kudu. Ta nan Turawa suka ɓullo.

Na uku, a je Hubbare, inda kabarin Shehu Usmanu yake. Shehu ya rasu a 1817. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta tura malamai mata da ake kira jaji su karantar da matan ƙauye, ita ma a nan aka rufe ta. Mata 'yan ajin yaƙi da jahilci, wannan uwarku ce a wajen neman ilmi.

Na huɗu, a ga Masallacin Shehu da Masallacin Bello da ƙofar fadar Sarkin Musulmi. Duk suna cikin tsohon birni. Ana iya gama su cikin wuni ɗaya da kabu-kabu ko Keke Napep.

Shirin Tafiya

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. An gama aikin gona, ga ɗan kuɗi a hannu, ga sanyi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana da tsanani ƙwarai.

Tafiyar ƙungiya ta fi sauƙi. 'Yan aji ɗaya suna iya yin karo-karo su ɗauki shatar mota tare da malaminsu. A tashi da sassafe, a dawo kafin magariba. A riƙe ruwan sha da guzuri. A yi cinikin abin hawa kafin a hau.

Akwai wasu fagagen yaƙi a wajen birni. Akwai Tabkin Kwatto a yankin Gudu, inda jama'ar Shehu suka ci nasara a kan Gobir a 1804. Akwai Alƙalawa kusa da Sabon Birni, wadda aka ci a 1808. Akwai Satiru a kudu da Sakkwato, wadda aka rushe a 1906 bayan mutanenta sun yi wa Turawa tawaye. Sai dai a shekarun nan 'yan bindiga sun addabi wasu hanyoyin karkara. Kada kowa ya kama hanya sai ya tambayi hakimi da direbobin tasha. In an ce ba lafiya, a haƙura. Rai ya fi ziyara.

Ladabin Ziyara

Fagen yaƙi maƙabarta ce. Ba wurin shewa da wasa ba ne. A sa tufafin mutunci. A cire takalmi inda aka ce a cire. A yi wa mamata addu'a. Kada a ɗauki hoto sai da izini. Kada a yi rubutu a bango. Wanda ya tsinci tsohon abu kamar kan mashi ko kibiya, ya kai gidan tarihi. Kada ya sayar wa dillali, domin abin da ya fita ƙasar waje da wuya ya dawo.

Aikin Da Ke Kanmu

Ya kai mai karatu, ka tafi da littafi da fensir. Ka karanta allunan da ke wurin da kanka. Ka rubuta sunaye da shekaru. In ka dawo, ka karanta wa iyalinka.

Waɗanda suka ga yaƙin Giginya da idonsu duk sun riga mu gidan gaskiya. Amma a ƙauyukanmu akwai tsofaffin da suka ji labari daga bakin kakanninsu. Wataƙila wani daga garinku ya je Giginya, ko ya bi Attahiru zuwa gabas bai dawo ba. Ka zauna da tsohon gidanku tun yana da rai. Ka rubuta abin da ya faɗa, da sunansa, da ranar da ya faɗa. Ka ba malamin ajinku ya aiko mana.

Allah Ya jiƙan mazan jiya. Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.