Ko Kun Sani? Rediyon da Ke Faɗin Inda Yake

A 1984, wani injiniya Ba'amurke, Bob Bruninga, ya haɗa rediyo da kwamfuta don bin sawun dawaki a tseren mil 100. Wannan dabara ce ta zama tsarin APRS na masu sha'awar sadarwar rediyo. Na'urar kan samu inda take daga GPS, ta harba bayanin cikin 'yar gajeruwar ƙara. Tashoshin da suka ji su maimaita, har mai ita ya bayyana a taswirar intanet, ba tare da layin waya ba.

Mai lasisin irin wannan rediyo daga Minjibir, lambar kiransa a taswirar da 5N za ta fara, ta ɗan Nijar kuwa da 5U. In babu tasha kusa, tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ma takan maimaita saƙon a megahaz 145.825.