Kafin Ku Miƙa Ɗanku Ga Injin Sassaƙa Ƙarfe

Idan injin ban-ruwa ya tsaya a fadamar Gummi ana tsakiyar noman rani, ko injin niƙan unguwa ya yi shiru, ba kullum ake samun sabon ƙarfen da za a musanya ba. Wani lokaci sai an aika Sakkwato, ko Gusau, ko kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, shuka kuwa ba ta jiran mota. A nan ne darajar mai injin sassaƙa ƙarfe take fitowa. Ku kai masa shaf da ya cinye, ko gidan boris da ya buɗe, ya ɗaura a inji ya fitar muku da shi daidai wa daida.

Sana'a ce mai rufin asiri, kuma iyaye da yawa suna sha'awar 'ya'yansu su koye ta. Ni ma ina goyon baya. Sai dai mu da muke aikin jinya muna ganin ɗaya fuskar: ido da tsakin ƙarfe a ciki, yatsa a tsinke, hannu a karye. Mafi yawan irin waɗannan raunuka, da an kiyaye wasu 'yan ƙa'idoji da ba su faru ba. Don haka, uwa da uba, ga abin da ya kamata ku sani kafin ku ce wa maigidan shago, "Ga amana."

Ku fara sanin injin

Manyan injunan irin wannan shago biyu ne. Na farko shi ne wanda masu sana'a ke kira les. Yana da baki mai haƙora da ake kira cak, wanda ke damƙe ƙarfen yana juya shi, sai a matso da wuƙa tana fere shi kamar yadda ake fere rake. Ana yi masa kirari da uwar injuna, domin da shi ake ƙera sassan sauran. Na biyu shi ne milin. A nan ƙarfen ne ke ɗaure a kan tebur, wuƙar ce ke juyawa tana share shi ko tana fitar da kwari a jikinsa. Ga kuma dutsen wasa na lantarki da injin walda, waɗanda da wuya a rasa su a gefe.

Abin da nake so ku riƙe shi ne saurinsu. Ƙarfe mai kaurin milimita 25 yakan juya kusan sau 380 a minti ɗaya, wato fiye da sau shida a daƙiƙa. Kafin mutum ya ankara ya janye hannu, injin ya riga ya naɗe abin da ya kama. Bai san maigida ba, bai san yaron shago ba.

Kayan da zai sa

Ke uwa, wannan aikinki ne tun daga gida. Riga mai faɗin hannu, babbar riga, rawani, carbi a wuya, zobe da agogo, duk ba su da wuri a gaban les. Riga mai gajeren hannu da ta kama jiki ita ce daidai, da takalmi rufaffe, ba silifa ba.

Wani abin da zai ba ku mamaki: safar hannu haɗari ce a kan inji mai juyawa. Tana da amfani wajen walda da ɗaukar ƙarfe mai zafi, amma idan cak ya kama bakinta, da hannun zai tafi. Haka ma tsumma. Kada a goge ƙarfe yana juyawa.

Gilashin kariya kuwa wajibi ne. Idan shagon ba shi da shi, ku saya wa ɗanku nasa. Kuɗinsa bai kai na jinyar ido na kwana ɗaya ba.

Ɗabi'un da ya kamata ya haddace

Makullin cak kada ya zauna a jikin cak ko na ƙiftawar ido. Idan aka tayar da inji yana ciki, fita yake yi kamar an harba dutse da gwafa. Daga cak sai hannu, daga hannu sai mazauninsa.

Ɓarɓashin da wuƙa ke fitarwa yana da kaifin reza, kuma da zafinsa yake fitowa. Da buroshi ko ƙugiya ake kwashe shi bayan injin ya tsaya cak. Ba a hura shi da baki, ba a ja da yatsa.

Idan aka ɗauke wuta ana cikin aiki, abu na farko a kashe makunnin injin, a janye wuƙa. Tsofaffin injuna da yawa suna tashi da kansu da zarar wuta ta dawo, sau da yawa lokacin da yaro ya sa hannu yana dubawa.

Akwai kuma ƙa'idojin da ke gyara aiki su kuma tsare jiki. Tsinin wuƙa ya tsaya daidai tsakiyar ƙarfen. Idan ya yi sama, shafa kawai zai yi ta yi, idan ya yi ƙasa, ƙarfen na iya hawa kansa ya ɓalle. Gwargwadon kaurin ƙarfe, gwargwadon rage gudu: saurin da ya dace da milimita 25, idan aka koma milimita 100 sai a raba shi gida huɗu. Ƙarfen da tsawonsa a wajen cak ya wuce kaurinsa sau uku, a tokare ƙarshensa. A milin, a ɗaure aiki tamau kafin a tayar da inji. Wuƙa mai dakushi kuma ita ce ke sa mutum ya riƙa danna inji da ƙarfi, daga nan tsautsayi ke shigowa.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. A wannan sana'a ido bai isa ba, domin akwai ma'aunin da ke rarrabe kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Amma a tsayar da inji tukuna kafin a auna.

Idan tsautsayi ya faru

Tsakin ƙarfe a ido: kada a murza, kada a tona da tsinken ashana ko maganaɗisu, kada a ɗiga nono ko a sa kwalli. A wanke da ruwa mai tsabta. Idan bai fita ba, a rufe idon ba tare da dannawa ba, a tafi asibiti a ranar. Ƙarfe yana fara tsatsa a cikin ido cikin 'yan sa'o'i, tabon kuma na iya rage gani har abada.

Yanka: a danne da ƙyalle mai tsabta, a ɗaga hannun sama. Kada a zuba baƙin mai, fetur, man birki ko ruwan batir. Ba sa kashe ciwo, naman suke ƙonewa. A tambayi ma'aikacin lafiya batun allurar tetanus.

Idan yatsa ya guntule, a naɗe guntun a ƙyalle mai tsabta mai ɗan danshi, a ƙulle a leda, a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara. Kada naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye.

Yaron da ya farka cikin dare yana kukan kamar an zuba masa yashi a ido, ku tambaye shi ko ya kalli hasken walda. Zafin yakan taso ne bayan sa'o'i.

Ƙurar da ke biyo shi gida

Mutanen wannan yanki ba sa buƙatar a tuna musu da shekarar 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma. Duwatsun zinariya aka riƙa niƙawa a cikin gari da cikin gidaje, da irin injin da ake niƙa hatsi. Irin waɗannan injuna, idan sun lalace, shagon gyara ake kai su. Yaron da ya kwance su yana iya kwaso ƙurar a riga da gashi da farce, ya dawo ya ɗauki ƙanensa. Kayan aiki su tsaya a shago, a wanke su daban, a yi wanka da sabulu kafin a zauna cin abinci. Faifan da ya taɓa niƙa dutse kuma kada ya koma kan hatsi.

Ku je ku gani da idonku

Kai uba, kada ka tsaya a sallama da bakin ƙofa. Shiga ka zauna. Dubi ko akwai haske, ko ƙasa a share take, ko bel yana da murfi, ko waya a tuɓe take. Dubi maigidan kansa: yana sa gilashi? Abin da yaro ya ga ubangidansa na yi, shi zai yi. Ka tambaye shi sai yaushe yake barin sabon yaro ya tayar da inji. Gwani na gaskiya zai ce sai ya iya shara, da sa mai, da awo, da wasa wuƙa, kuma sai yana tsaye a kansa. Ƙaramin yaro da hankalinsa bai gama zama ba, a bar shi ya ƙara girma, sana'ar ba za ta gudu ba.

Burinmu ɗa ya fito da sana'a a hannu, da yatsunsa goma da idanunsa biyu. Allah ya tsare mana zuri'a, ya sa albarka a abin da suke koyo.