Roka a Jamus: Motar Dakon da Ta Koma 'Yar Lele

Duk wanda ya saba bin hanyoyin kasuwannin ƙauye a Arewa ya san roka: gajeren hanci mai zagaye, bodin katako, buhunan masara har sun ɗara kan direba, karen mota na lilo a baya. A Jamus, inda aka ƙera ta, akwai mutanen da ke kashe kuɗin da zai sayi sabuwar ƙaramar mota domin su mallaki irinta, su shekara biyar ko fiye suna kwance ta suna ɗaurawa a ƙarshen mako, kuma idan sun gama ko buhu ɗaya ba za su ɗora mata ba.

Kamfanin Mercedes-Benz ya fito da wannan ƙira a 1959, kuma doka ce ta gajarta mata hanci. Ministan sufurin Jamus ta Yamma na lokacin, Hans-Christoph Seebohm, ya taƙaita tsawo da nauyin manyan motoci domin ya kare kasuwar jirgin ƙasa. Kowane taƙi da hanci ya ci, an rage shi ne daga wurin kaya. Direbobi kuwa ba su yarda da motar da ba ta da hanci ba, suna ganin idan aka yi karo ƙirjinsu ne zai fara tarar ƙarfe. Sai injiniyoyi suka raba gardama, suka tura rabin injin cikin ɗakin direba. Lambar da ke jikin ƙofa ma lissafi ce: 911 na nufin tan 9 da ƙarfin doki wajen 110, 1113 kuma tan 11 da doki 130. Turai ta daina yayinta tun tuni, amma an ci gaba da ƙera ta a Jamus domin kasuwannin waje har 1995. A nan gida masana'antar ANAMMCO ta Enugu ta yi ta haɗa manyan motocin Mercedes tun farkon shekarun 1980, kuma a kan shasin 911 aka gina da yawa daga manyan bas ɗin haya na Legas da ake kira molue.

Mai sha'awa a Jamus ba ya neman wadda ta ci hanya. Idonsa na kan motocin 'yan kwana-kwana na ƙananan garuruwa da na hukumar agajin gaggawa, waɗanda suka shekara talatin a ɗaki a rufe, ba sa fita sai gobara ko atisaye. Idan aka yi gwanjonsu, za ka tarar injin bai ko gaji ba. Amma nan ne sabon shiga ke ruftawa, domin zama ya fi tafiya kashe babbar mota. Robobin birki su bushe su tsage, man birki ya sha laima ya cinye silinda daga ciki, taya ta yi kyau a ido alhali ta tsufa har ba ta da amana. Dizal ɗin Turai na yanzu ana gauraya shi da man tsirrai har kashi 7 cikin ɗari, kuma idan ya daɗe a tanki sai ya yi kauri da dauɗa ya toshe filta da nozul. Ga gishirin da ake barbaɗa wa tituna lokacin ƙanƙara, wanda ke shiga ƙasan ɗakin direba da gindin gilashi ya haifar da tsatsa. Mu nan ƙura da rami ke cin mota, su can ruwa da gishiri.

Gyaran gaske daga shasi yake farawa. A sauke bodi, a ɗage kai, a feshe ƙarfen da yashi har ya koma fari, a duba ko akwai tsagewa kusa da maratayar sifirin. Injin ne ma mai sauƙin sha'ani. OM 352, mai silinda shida da lita 5.7, wanda ya fito a 1964, ba shi da kwamfuta ko ɗaya. Famfon injekta na Bosch ne ke raba mai da ƙarfin ƙarfe zalla, kuma an ƙera shi da yawan da har yau fistin da ringi ba sa wuyar samu. Abin da ke hana mutum barci ƙananan abubuwa ne: robar gilashin gaba, marfin fitila, hannun ƙofa, yadin kujera mai launin asali. Wani zai yi tafiyar yini guda domin madubi ɗaya. Akwai kuma haɗarin da ba a cika faɗa ba. Tsofaffin takalman birki na iya ƙunsar asbestos, wanda ƙurarsa ke lalata huhu, sannan rim mai zobe, idan aka hura masa iska bai zauna daidai ba, zoben kan fizgo da ƙarfin da zai kashe mutum. Masu faci a tashoshinmu sun san wannan sarai.

Me ya sa sai yadin kujera mai launin asali? Doka ce kuma. Tun 1997 Jamus ke ba da lamba mai harafin H a ƙarshe ga motar da ta cika shekara 30, muddin ƙwararren mai bincike ya shaida tana cikin ƙoshin lafiya kuma ba ta kauce wa yadda ta fito daga masana'anta ba. Sauyin da ake yafewa shi ne irin wanda aka saba yi a shekaru goman farko na rayuwarta. Mai wannan lamba na biyan harajin kusan Yuro 192 a shekara komai girman injin, kuma yana shiga tsakiyar biranen da aka hana motoci masu hayaƙi. Wasu ma kan rage nauyin da ke takardar motar zuwa ƙasa da tan 7.5, saboda lasisin ƙaramar mota da aka samu kafin 1999 ya ba su damar tuƙa har wannan nauyi. A Ingila ma haka sha'awar take. A 1962 aka fara jerin gwanon tsofaffin motocin kasuwanci daga Landan zuwa Brighton a watan Mayu.

Idan aka auna da ma'aunin lambar H, babu rokar da ke yawo tsakanin Dawanau da kasuwannin ƙauye da za ta ci jarrabawa. An ƙara mata ganyen sifirin, an yi wa shasi ƙari da walda, lagireton na wata mota ne, injin ma wataƙila na uku ke nan da ta sha. Mai binciken Jamus zai kira wannan ɓarna. Ni kuwa ina ganin a nan ilimin motar ya fi zurfi. Bakaniken Panteka a Kaduna ko na Ƙofar Ruwa a Kano, wanda zai saurari ƙarar injin ya ce maka nozul na huɗu ne, ya san OM 352 ta hanyar da mai littafin gyara da safar hannu ba zai taɓa saninsa ba, domin shi yana gyara ne motar ta tashi da tan goma sha a kanta gobe da asuba. A Sudan an ɗauki irin wannan aiki da daraja: Bedford TJ ta Ingila, wadda maƙeran can suka sake wa fasali suka kira Sifinja, masanin Jamus Kurt Beck ya yi bincike a kanta, kuma Valerie Hänsch ta yi mata fim a 2009.

Inda Bajamushe ya fi mu shi ne ajiya. Rokarmu idan ta gaza, masu gwangwan ke yanka ta a auna a kilo, ta tafi kamfanin narka ƙarfe ta dawo rodin gini. Injin ba abin kuka ba ne, akwai dubbansa a duniya. Bodin katakon ne ba shi da na biyu: aikin kafintocinmu, zanen zaki da dawisu da jirgin sama a ƙofar baya, karin maganar da direba ya zaɓa aka rubuta a goshi. Wannan ɓangare babu gidan tarihin Mercedes na Stuttgart da ke riƙe mana shi, kuma masu zanen suna tsufa yayin da tirelolin Caina masu bodin ƙarfe ke karɓe lodin.