Farfela Ba Ta Faɗin Shekarun Jirgi

Tun da kashin farko na jiragen yaƙi samfurin Super Tucano guda shida suka sauka a Kano a watan Yulin 2021, wata magana ta kama bakin mutane, kuma har yau ta ƙi mutuwa. Wai an damfari Najeriya, an kwaso ragowar jiragen Yaƙin Duniya na Biyu, an watsa musu sabon fenti an sayar mata. Hujjar ba ta wuce ɗaya ba: ga farfela nan a hancinsu. Sai wani ya lalubo tsohon hoton Spitfire ya jera shi kusa da na Tucano a Facebook, ya ce a nemo bambanci, jama'a kuma su yi ta turawa a WhatsApp ana ta Allah wadai. Har da masu digiri a cikin masu turawar, wanda shi ne ya fi ba ni haushi.

Shakkar gwamnati a kan cinikin makamai ba laifi ba ne, an ga abin da ya isa a yi shakka. Amma mai zargi da hujjar banza yana yi wa wanda yake zargi aiki ne, don da zarar an rushe hujjar, sauran tambayoyinsa na gaskiya ma sun bi ruwa. Farfela ba ta nuna tsufan jirgi. Abin da ke juya ta shi ne abin dubawa.

Jiragen yaƙi na 1939 zuwa 1945, in ka cire 'yan ƙalilan masu injin jet da suka ɓullo dab da ƙarshen yaƙin, duk injin fistin gare su, wato dangin wanda ke cikin mota da babur: fetur da iska su shiga silinda, fulogi ya ba da wuta, fistin ya sauka, karanshaf ya juya. Gida biyu ne, kuma daga hancin jirgi ake gane kowanne.

Gida na farko shi ne injin da ruwa ke sanyayawa. Sarkinsu shi ne Merlin na kamfanin Rolls-Royce, mai silinda 12, shida a kowane ɓari, girmansa lita 27. Shi ne a cikin Spitfire da Hurricane na Ingila, kuma irinsa da kamfanin Packard ya ƙera a Amurka shi ne a cikin Mustang. Jirgi mai irin wannan inji hancinsa dogo ne siriri, kuma a kowane gefe za ka ga gajerun bututun salansa a jere, sau da yawa da baƙin tabon hayaƙi ya bi jikin jirgin daga bayansu. Dole kuma ya ɗauki lagireto. Na Spitfire yana ƙarƙashin fiffike, na Hurricane da Mustang yana ƙarƙashin ciki, shi ne wancan kumburin da ake gani a tumbin Mustang. Raunin wannan inji a nan yake: harsashi ɗaya ya huda lagireto, ruwa ya tsiyaye, cikin 'yan mintoci inji ya ƙame. Na Jamusawa, Messerschmitt 109, shi ma silinda 12 ne, sai dai an kife injin, shi ya sa bututun salansarsa suke can ƙasa-ƙasa a gefen hanci.

Gida na biyu iska ce ke sanyaya shi. An jera silindojin a da'ira sun kewaye karanshaf, kowace da tsage-tsagen ƙarfe a jikinta don iska ta ratsa ta kwashe zafi. Hancin irin wannan jirgi faffaɗa ne, kewayayye, a buɗe ta gaba, har kana hango kawunan silindojin a bayan farfela. Injin Double Wasp na kamfanin Pratt & Whitney yana da silinda 18, layi biyu tara-tara, da ƙarfin doki 2,000, kuma shi ke jan Thunderbolt da Corsair na Amurka. A kowane layi adadin ba ya rabuwa biyu daidai, bakwai ne ko tara, don wutar tana tsallake silinda ɗaya ne ta faɗa ta gaba, kuma da irin wannan adadi ne kawai za ta zagaya ta taɓa kowace. Duk wanda ya kalli bidiyon yadda ake tayar da irin wannan inji ba zai sake rikita shi da wani ba. In jirgi ya kwana a ajiye, baƙin mai yana gangarowa ya taru a silindojin ƙasa, don haka sai an juya farfelar a hankali sau da dama tukuna a tabbatar man bai toshe ba. Sannan a ba shi wuta. Silinda ɗaya ta yi tari, wata ta amsa, farin hayaƙi ya turnuƙe ya rufe makanikan da ke tsaye da abin kashe gobara, jirgin duka yana karkarwa, kafin sauran su kama a ji rugugin ya daidaita.

To, a buɗe hancin Super Tucano a nemo fistin. Babu ko ɗaya. Babu fulogi goma sha, babu karanshaf, babu lagireton ruwa, ba ya ma shan fetur. Injin da ke ciki, PT6 na Pratt & Whitney reshen Kanada mai ƙarfin doki 1,600, injin jet ne da aka ɗaura wa farfela. Yana zuƙar iska ya matse ta, a fesa mata kananzir irin na jirgi, wuta ta ci ba tsayawa, iskar mai zafi ta fita da ƙarfi tana juya wasu faya-fayen ƙarfe masu haƙora. Cikin injin yana juyi fiye da sau 30,000 a minti ɗaya, sai akwatin giya ya rage gudun zuwa kimanin 2,000 kafin ya isa ga farfela mai hannu biyar. Daga waje ma ana ganewa: maimakon jerin ƙananan bututu, manyan bututu biyu ne kacal, ɗaya a kowane gefe, dab da bayan farfelar. Kunne ma yana raba su. Tsohon inji rugugi yake yi, wannan kuwa da siririn fito yake tashi.

Kamfanin Embraer na Burazil ne ya zana jirgin, ya fara tashi a 1999, shekara 63 bayan tashin Spitfire na farko a 1936. Guda 12 da Najeriya ta saya sababbi aka harhaɗa su a Jacksonville ta jihar Fulorida. A gaban matuƙinsa allunan kwamfuta ne, a ƙarƙashin cikinsa akwai na'urar da ke gani da dare, yana ɗaukar bam mai bin hasken lesa, kuma in abu ya ɓaci kujera ce ke harbo matuƙin waje. Matuƙin Spitfire kuwa sai ya ja murfi da hannunsa, ya kwance ɗamara, ya fita da kansa yana fatan kada wutsiyar jirgin ta doke shi.

Masu wancan zargi suna da abu ɗaya da za su iya riƙewa, kuma gaskiya ne: gudun jiragen biyu kusan ɗaya ne. Spitfire na farko yana kai kilomita 580 a awa, Super Tucano kimanin 590. Sai a ce, ina ci gaban? Amsar tana jikin farfelar kanta.

Kowane hannun farfela ƙaramin fiffike ne da ke juyawa. Yadda fiffiken jirgi ke ratsa iska ya ɗaga shi sama, haka hannun farfela ke ratsa iska ya ja shi gaba. In ka lura da kyau za ka ga hannun a murɗe yake, kusa da gindi ya karkace sosai, can bakin kuma ya kusa miƙewa. Dalili shi ne bakin yana zagaya da'ira mai faɗi, ya fi gindin gudu nesa ba kusa ba, don haka dole kowane sashe ya sari iska ta kusurwar da ta dace da gudunsa. Spitfire na farko-farko farfelar katako gare su mai hannu biyu, a kafe, ba ta canzawa. Daga baya aka kawo wadda hannuwanta ke murɗawa a kan gindinsu jirgi yana tafe, aikin da giya ke yi wa mai babur: lamba ɗaya wajen tashi, babbar giya in an miƙe hanya. A jirage masu inji biyu ko huɗu, in ɗaya ya mutu, matuƙi yana juya hannuwan su ba iska kaifinsu, farfelar ta tsaya cik, kada ta riƙa jan jirgin baya. Da injuna suka ƙara ƙarfi sai aka ƙara hannuwa, daga biyu zuwa uku, huɗu, har biyar a Spitfire na ƙarshen yaƙi masu injin Griffon. Corsair kuwa farfelarsa ta kai kusan mita 4, kuma tana daga cikin dalilan da suka sa aka lanƙwasa fikafikansa suka yi ƙasa sannan suka yi sama, don hanci ya ɗaga ba tare da an yi masa dogayen ƙafafu ba. Da wannan lanƙwasa ake gane shi ko daga nesa.

Iyakar farfela ita ce, idan bakin hannunta ya kusanci gudun sauti, wajen kilomita 1,200 a awa, sai ta koma yawan ƙara da ƙarancin aiki. Wannan iyaka ta hau kan jirgin 1940 kuma ta hau kan na bana. Mai neman gudu sai ya koma jet zalla. Amma wanda ake nema a dajin Sambisa ko na Zamfara a kan babur yake, a ƙarƙashin itatuwa. Jirgin da zai gilma ta kansa cikin ƙiftawar ido, ya shanye mansa cikin awa ɗaya da wani abu, bai kai wanda zai yi sa'o'i yana kewaya wurin a hankali amfani ba. A ƙasa-ƙasa kuma a matsakaicin gudu, farfela ta fi jet tattalin mai, kuma jirginta yana iya sauka a gajeren fili marar kwalta. Don haka Kolambiya ta yi amfani da Super Tucano a kan 'yan tawayen FARC, don haka Burkina Faso da Mali da Muritaniya suka saye shi. Hercules ɗin nan mai inji huɗu da ke jigilar sojojinmu, samfurinsa ya fara tashi a 1954, kuma har yau Amurka tana ƙera sababbinsa da farfela mai hannu shida. Ko su ma damfarar kansu suke yi?

Abin takaici shi ne ƙasar Hausa ta ga tsofaffin jiragen na ainihi da idonta. A 1925 jiragen sojan saman Ingila uku samfurin DH.9A, masu fikafikai hawa biyu, suka taso daga Masar suka sauka a Kano. Daga watan Satumban 1940 kuma, da hanyar Bahar Rum ta yi haɗari, sai Ingila ta riƙa kawo jirage a akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar da ake kira Gana yanzu, a harhaɗa su a can, su biyo ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Injamena ta yau, Fashir da Khartum, har Masar. Jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya, Hurricane da Blenheim da wasunsu. Kakanninmu sun ji rugugin Merlin a saman Kano. Jikokinsu kuwa, da waya a hannu da duk ilimin duniya a cikinta, sun kasa bambance shi da jirgin da aka ƙera jiya.

Jahilcin fannin yana da nasa kaso, siyasa ma haka, amma babbar cutar ita ce saurin turawa. Saboda haka in hoton jirgi ya iso wayarka da wani labari a ƙarƙashinsa, dakata ka duba hancin tukuna. Faffaɗa ne a buɗe, ko siriri mai jerin ƙananan bututu? To injin fistin ne, mai yiwuwa tsoho. Manyan bututu biyu ne a bayan farfela? Na zamani ne. Sannan ka duba yadda yake tsaye a ƙasa. Yawancin jiragen yaƙi masu inji ɗaya na wancan zamani tayoyi biyu gare su a gaba da ƙarama a wutsiya, hanci yana kallon sama, matuƙi ba ya ma ganin gabansa sai yana tafiya yana karkacewa hagu da dama. Super Tucano taya ta uku a hanci take, a miƙe yake tsaye. Wannan alama ba ta rasa togaciya, don Airacobra da Lightning na Amurka tun a lokacin da tayar hanci suka fito, amma tana taimakawa. Ka duba siffar fiffike: na Spitfire kewayayye ne mai tsini a baki, na Mustang kamar an datse shi da almakashi a miƙe, Hurricane kuma yana da ɗan doro a bayan matuƙi. Ka duba tambari. Na Najeriya da'ira ce kore da fari da kore, na Ingila shuɗi a waje ja a tsakiya, na Faransa ja a waje shuɗi a tsakiya, Amurka farin tauraro, Jamus baƙin kuros, Japan jan faifai. Sai dai ka sani akwai tsofaffin jirage da masu sha'awa a Turai da Amurka suka gyara suna tashi da su a bukukuwa da fentinsu na dā, don haka hoto mai launi garau ba ya nufin jirgin yana bakin aiki a wata runduna. Kada kuma bidiyon waya ya ruɗe ka in ka ga farfela ta tsaya ko ta lanƙwashe alhali jirgi yana sama. Kyamarar ce ke ɗaukar hoto daki-daki, ba siddabaru ba ne, ba kuma shaida ba ce cewa bidiyon na bogi ne. In har yanzu kana kokwanto, sa hoton a Google Lens, galibi cikin minti ɗaya zai nuna maka sunan jirgin da inda hoton ya fara fitowa, wani lokaci ka tarar a wata nahiya aka ɗauke shi shekaru da suka wuce.

Kuɗin cinikin nan ya kusa dala miliyan 500. Mai son ya tambayi yadda aka kashe su, ko nawa ne cikin jiragen ke tashi a yau, ko wane mataki ake ɗauka don kada bam ya faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba, ya tambaya da babbar murya, haƙƙinsa ne. Amma don Allah a bar farfela ta huta, kuma wanda ya san ya taɓa tura wancan hoto, ya koma inda ya tura shi ya gyara maganarsa.