Yadda Ake Kwatanta Ƙiyasin Kuɗin Gyaran Rufin Mota

LEGAS — Da zarar damina ta kankama a kudancin ƙasar nan, watau daga wajen watan Afrilu, masu gyaran jikin mota a Legas da Ibadan da Fatakwal sukan sami wani irin aiki da ba su cika gani da rani ba, na motocin da iska ta kayar wa reshen itace ko allon talla ko kwanon rufin gida a ka. Ban da waɗannan, akwai motocin 'yan kasuwa da lodin kaya ya lotsa samansu, da kuma waɗanda suka wuntsila a kan hanya. Mai mota kan zaga gareji biyu ko uku, ya komo da farashi uku masu tazara mai yawa a tsakaninsu, sa'an nan ya rasa wanda zai kama.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, sau da yawa waɗannan farashi uku na ayyuka uku ne daban-daban, ko da yake duk sunansu ɗaya, watau gyaran rufi. Saboda haka wanda ya dubi jimillar kuɗi kawai bai kwatanta komai ba tukuna.

Rufin mota yana da sassa uku. Akwai fallen ƙarfe na waje wanda ido ke gani, wanda kaurinsa a yawancin ƙananan motoci bai kai milimita ɗaya ba. A ƙarƙashinsa akwai sandunan ƙarfe da aka gitta, masu aiki irin na azara a ɗakin soro. Sai kuma dogayen ƙarafa biyu na gefe da ginshiƙan da ke ɗauke da rufin baki ɗaya: na gefen gilashin gaba, da na tsakanin ƙofofi, da na baya. Lotsewar falle lamari ne na kyan gani da hana yoyo. Lanƙwashewar ginshiƙi kuwa lamari ne na rai, domin shi ke hana rufin ya danne mutanen ciki idan mota ta kife.

Wannan batu ya shafe mu ƙwarai, ganin cewa da yawa daga motocin hannu da ake shigowa da su Nijeriya daga Amurka suke. A shekarar 2009 hukumomin ƙasar suka tsaurara ƙa'idar ƙarfin rufi, inda aka wajabta wa ƙananan motoci su jure nauyin da ya ninka na motar sau 3, maimakon sau ɗaya da rabi kamar da, aka kuma fara aiki da ita sannu a hankali daga 2012. Don cika irin wannan sharaɗi, kamfanoni suka ƙara amfani da wani ƙarfe mai tsananin tauri a ginshiƙai, wanda ƙarfinsa ke raguwa idan aka gasa shi da wuta. Fanabitan da ya saba zafafa ƙarfe da harshen wutar walda har ya yi ja, ya miƙar da shi da guduma, zai iya maido da siffar ginshiƙin sarai, amma ƙarfinsa na asali ba zai komo ba, kuma babu mai ganewa sai ranar haɗari.

Bari mu kawo misali, tare da lura cewa alƙaluman na ƙaddarawa ne domin sauƙaƙa lissafi. A ce wani ɗan kasuwa a Agege yana da motar da yake kai wa abokan ciniki kaya da ita, reshe ya faɗo mata. Gareji na farko ya nemi N150,000 da alkawarin gamawa cikin kwana 3. Na biyu ya nemi N400,000 da kwana 8. Na uku ya nemi N900,000 da kwana 14.

Idan aka bincika, mai yiwuwa na farko yana nufin ya bubbuga lotsewar daga ciki gwargwadon iyawa, ya cike ragowar da ƙullin nan da ake kira fila, ya fesa fenti a daidai wurin. Na biyu zai sauke silin na ciki, ya daidaita fallen da kyau har ya zama fila kaɗan ake bukata, ya shafa maganin tsatsa ciki da waje, ya fente rufin baki ɗaya daga gefe zuwa gefe. Na uku kuwa zai cire gilashin gaba da na baya, ya ɓalle ɗigon waldar da ke riƙe da tsohon falle, ya ɗora wani, ya sauya sandunan da suka lanƙwashe. Kowanne cikinsu yana iya zama mai gaskiya a farashinsa. Tambayar ita ce, wanne aiki ne motar take bukata?

Mai mota yana iya samun rabin amsar da kansa kafin ya je ko'ina. Ya buɗe kowace ƙofa ya rufe, ya ga ko tana cijewa ko sai an buga ta da ƙarfi. Ya dubi ratar da ke tsakanin saman ƙofa da rufi a ɓangaren dama, ya kwatanta da ta hagu. Ya duba ko gilashi ya tsage daga kusurwa ba tare da wani abu ya buge shi ba. Ɗaya daga cikin waɗannan alamu ya isa ya nuna cewa ɓarnar ta wuce falle. In kuwa ƙofofi lafiya lau suke, lotsewar ba ta da zurfi, fenti kuma bai fashe ba, to akwai masu turo ƙarfen daga ciki da sanduna na musamman ba tare da fila ko fenti ba, kuma a irin wannan hali aiki mai araha shi ne ma ya fi dacewa, domin yana barin fentin kamfani yadda yake.

A kan fila ne ya kamata a tsananta tambaya. Masu sana'ar sun yarda cewa aikinsa shafe 'yan ƙananan ramuka ne, milimita kaɗan, bayan an gama daidaita ƙarfe. Amma da yake cike rami ya fi daidaita shi sauri, wasu sukan lafta shi da kauri. Rufi shi ne sashen da rana ta fi duka a jikin mota; ƙarfe na buɗewa da zafi yana tsukewa da sanyi, fila mai kauri kuma ba ya bin sa daidai. Sai ya tsattsage, ruwa ya shiga, tsatsa ta fara ci daga ƙasa. Dillalan motoci sun san wannan sarai, shi ya sa za ka ga suna bin rufi da mayen ƙarfe ko na'urar auna kaurin fenti, kuma inda mayen ya ƙi kamawa, nan farashin mota ke faɗuwa.

Akwai kuma hanya ta huɗu da ake yawan tayawa a kusa da manyan kasuwannin kayan gyara irin su Ladipo a Legas, ko Apo a Abuja, watau a yanko rufi sukutum daga wata motar da ta mutu, a yanke na taka a ginshiƙai, a haɗa da walda. Farashinta kan burge, aikin kuma kan yi kyau a ido. Sai dai ginshiƙi yana da ƙarfe hawa-hawa a cikinsa, kuma kamfanonin ƙera motoci suna ƙayyade wurin da aka yarda a yanka da wurin da aka hana. Waldar da ta kama hawan waje kaɗai ta bar na ciki a rabe ba ta da wani amfani ranar da mota ta kife. A ganina, duk wanda aka kawo wa wannan shawara ya nemi a ciro fallen kawai daga rufin da aka yanko a ɗora a kan ginshiƙansa, muddin nasa lafiyayyu ne.

Hanyar da za a sa ƙiyasi uku su kwatantu ita ce a nemi kowane gareji ya rubuta nasa dalla-dalla, ladan aiki daban, kuɗin kaya daban. A rubuta ko kayan sababbi ne ko na hannu. A rubuta ko cirewa da mayar da gilashi na cikin kuɗin, da kuma wanda zai biya idan ya fashe a hannun ma'aikata, domin hakan na faruwa. A rubuta irin fentin, da ko za a haɗa shi ne bisa lambar launi da kamfani ya maƙala a jikin motar, da ko akwai rufaffen ɗakin fesawa ko a fili za a yi cikin ƙura. Motar da ke da jakar iska a gefen rufi, ko taga a sama mai bututun zubar da ruwa, ko kyamara a jikin gilashin gaba wadda ke bukatar a sake saita ta, duk tana da ƙarin aikin da ƙiyasi mai araha kan yi shiru a kansa, sai an fara aiki a ce a kawo ciko.

Har wa yau a tambayi ko an haɗa da harajin VAT, wanda yake kashi 7.5 cikin 100 tun watan Fabrairun 2020. A kan N900,000 wannan ya kama N67,500. A kuma tambayi kwana nawa farashin zai tsaya. Fenti mai kyau da gilashi da gam ɗin liƙa shi galibi daga waje ake shigo da su, kuma 'yan kasuwa ba su manta yadda dala ta tashi daga kimanin N460 kafin watan Yunin 2023 zuwa sama da N1,500 a shekarar 2024 ba.

Ga ɗan kasuwa, kwanakin da mota za ta yi a gareji su ma kuɗi ne. Idan ɗan kasuwan namu na Agege zai riƙa hayar wata mota a kan N20,000 kullum, aikin farko ya tashi masa N210,000, na biyu N560,000, na uku kuwa N1,180,000 kafin haraji. Amma idan ya zaɓi na farko, fila ya tsage bayan damina ɗaya, ya koma ya yi na biyu, ya kashe N770,000 ke nan a kan aikin da zai iya gamawa da N560,000. Haka kuma idan ginshiƙansa lafiya suke, fallen kuma zai daidaitu, biyan na uku asarar fiye da rabin miliyan ce ba gaira ba dalili. Tsada ita kaɗai ba shaidar nagarta ba ce.

Dangane da inshora, yawancin masu motocin da ke da inshora suna riƙe da ta dole ce kawai, wadda hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗinta ga motocin gida daga N5,000 zuwa N15,000 daga ranar 1 ga Janairun 2023, tare da ɗaga iyakar diyyar dukiya zuwa Naira miliyan 3. Wannan tana biyan ɓarnar da ka yi wa wani ne, ba ta biyan rufin motarka. Idan motar wani ce ta jawo ɓarnar, inshorarsa ce abin nema. Mai cikakkiyar inshora kuwa ya karanta takardarsa ya ga ko ta haɗa da ɓarnar iska da ruwa, da kuma kason farko da aka ce shi zai ɗauka daga aljihunsa. Ya ɗauki hotuna, ya sanar da kamfanin nan da nan, kada ya bari a taɓa motar kafin jami'insu ya duba ta, domin gyara kafin dubawa na iya jawo jayayya a kan biya. A nan ma rubutaccen ƙiyasi mai dalla-dalla shi ne abin da jami'in zai yi aiki da shi.

Idan an daidaita da gareji, a ba da kafin alƙalami gwargwadon kuɗin kaya, a karɓi rasidi, a riƙe sauran sai an gama. A nemi ganin motar sau ɗaya bayan an daidaita ƙarfe, kafin a shafa fila, domin a wannan lokaci ne kaɗai ake iya ganin aikin da aka yi. A nemi garanti a rubuce wanda zai kai ƙarshen damina mai zuwa. Ranar karɓa kuma, kafin a biya ciko, a sa a zuba wa rufin ruwa da tiyo na wasu mintoci, mai motar na zaune a ciki yana shafa gefen silin da kusurwoyin gilashi da hannunsa.