Kaduna: Daga Masaƙun Kakuri Zuwa Maƙeran Panteka

 Yau Kaduna muka nufa. Babu gwamnan da ya taɓa hawa kujera bai ce zai samar wa matasa aikin yi ba, kun ji da kunnenku, ni ma na ji. To amma wane irin aiki? Na wata-wata, ko na rana ɗaya da za a ɗauki hoto a watse? Kafin mu zo kan gwamnonin yanzu, ku biyo ni unguwar Kakuri, domin a can ne aka taɓa yin abin da gaske.

A shekarar 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, wadda kowa ya sani da KTL. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta kafa ta, zamanin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, tare da wani kamfanin saƙa na yankin Lankasha a Ingila mai suna David Whitehead and Sons. Lissafin da aka yi ba mai wuya ba ne. Ga auduga a Funtuwa, ga ta a Malumfashi, ga ta a Gusau da ƙasar Zazzau. Ana gurje ta, a ɗaure ta dila-dila, a loda wa jirgin ƙasa zuwa bakin teku, ta tafi Ingila, ta dawo mana a matsayin yadi mu saya da tsada. Sai aka ce, me zai hana a saƙa ta a nan? Da akoko aka fara, wannan yadin marar rini da tsofaffinmu suka sani sarai.

Ba a cika shekara goma ba, sai ga wasu masaƙun, ga Nortex, ga Arewa Textiles da Japanawa suka zo da ita, ga UNTL ta 'yan kasuwar Hong Kong. Duk a kudancin kogin Kaduna.

Waɗanda suka ga zamanin suna ba da labarin lokacin canjin aiki. Injuna ba sa kwana, don haka aiki kashi uku ne, na safe, na rana, na dare. Da an busa jiniya sai titi ya cika maƙil da kekuna, masu fita na karo da masu shiga, wasu da burbushin auduga a gashin kai. A bakin ƙofa mai shayi na jira, mai ƙosai na jira, mai gyaran keke na jira. Ranar albashi kuwa, mai gidan haya a unguwannin Makera da Nasarawa ya san ranarsa ce, tela ya sani, mahauci ya sani. Batibi, Ba'idome, Ba'igale, Bahaushe, Bajju, kowa da injin da yake tsaye a kai.

A cikin waɗannan ma'aikata akwai wani saurayi siriri da ya zo daga ƙasar Edo ya samu aiki a Arewa Textiles. Abokan aikinsa suka zaɓe shi wakilinsu. A 1982 ya zama babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa, a 1999 ya zama shugaban ƙungiyar ƙwadago ta NLC, a 2008 ya zama gwamnan jiharsu. Adams Oshiomhole ke nan. Ku dubi irin tsanin da masaƙa ɗaya ta kafa wa ɗan talaka.

Yadda abin ya rushe kuwa, ba sai na ja ku da nisa ba. Tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran inji suka yi tsada. Wutar NEPA ta zama sai an gani. Baƙin man da ake hura tukunyar tururi da shi ya yi wuya. Atamfar waje, musamman ta Sin, ta cika kasuwa, ta halal da ta fasa-ƙwauri. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi sahu a 2007. An sake buɗe UNTL a 2010 da bashin Bankin Masana'antu, amma ba ta koma kamar da ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, KTL ba ta wani Bature ba ce a lokacin da ta rufe. Jihohin Arewa 19 ne masu ita. Ma'aikatanta sun yi shekaru suna zarya kan kuɗin sallama, da yawa sun rasu ba su karɓa ba. Jihohi 19, jama'a.

To, mu dawo zamaninmu. Da Malam Nasiru El-Rufa'i ya hau kujerar gwamnan Kaduna a 2015, hanyar da ya ɗauka ita ce zawarcin masu jari. Ya kafa hukumar jawo jari ta KADIPA, a 2016 aka fara taron zuba jari na KADINVEST, aka sauƙaƙa samun fili da takardar mallaka. Kuma a yi adalci, ba duka ne ya tsaya a kan takarda ba. A watan Satumba na 2017 Shugaba Buhari ya buɗe kamfanin Olam na abincin kaji da ƙyanƙyasa a ƙaramar hukumar Chikun, kan hanyar Abuja, wanda ya zama babbar kasuwa ga masu noman masara da waken suya. A farkon 2018 aka buɗe tashar tsandauri, kuma a Kakurin dai.

Sai dai masana'antar zamani ba masaƙar Sardauna ba ce. Inji ya karɓe aikin hannu, inda da ake buƙatar mutum ɗari yau goma sun isa. Kuma gwamnatin da ke kirga sababbin ayyuka ita ce ta sallami malaman firamare sama da 21,000 a 2017 bisa faɗuwa jarrabawa, ta ɗauki wasu, sannan a 2021 ta rage ma'aikata har NLC ta tsayar da jihar cak. Ga kuma 'yan bindiga a hanyar Abuja, ga harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris, 2022. Wane mai jari ne zai ji haka bai sake tunani ba?

Yanzu ku zo mu shiga kasuwar Panteka, tsohuwar, ta kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Tun daga nesa ƙarar guduma za ta tare ka. Ga yaro yana bubbuga gwangwanayen lemo, ana zuba su a wuta su narke. Ga maigidansa ya danna tukunya cikin damshin yashi ya fitar da siffarta, ya kwarara narkakken sanholo, kafin ka gama gaisawa sabuwar tukunya ta fito tana huci. Gaba kaɗan mai walda ne ke haɗa injin markaɗe, na kusa da shi injin casar masara, wani ƙofar gida. Ba wanda ya yanka zare ya buɗe wurin nan, ba taron da aka yi a otal. Amma kullum uba na riƙo hannun ɗansa ya kawo shi, ya ce, "Ga amana, a koya masa." An daɗe ana raha a Kaduna cewa ɗaliban injiniya ma nan suke tsallakowa a ƙera musu aikinsu na kammala karatu.

A nan ne, a ganina, aka fara taɓo inda ke ƙaiƙayi. Hukumar ilimin fasaha ta NBTE, ƙarƙashin Farfesa Idris Bugaje, ta dage a riƙa gwada irin waɗannan masu sana'a a ba su takardar shaidar ƙwarewa, ko da ba su taɓa zama a aji ba. Gwamnatin Sanata Uba Sani, wanda ya gaji El-Rufa'i, kuma ta ɗauki gyaran kasuwar, ta gina cibiyoyin koyon sana'a uku, a Rigachikun, da Soba, da Samarun Kataf. Madalla. Amma ka tambayi mai walda abin da ya fi buƙata, ba zai ce maka takarda ba. Wuta zai ce. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, rabin cinikinsa janareta ke sha. Matsalar wutar da ta kashe KTL ita ce dai ke shaƙe shi.

Lokaci ya ƙure, ga shi ban taɓo batun bashi ba. A taƙaice, a watan Maris na 2024 Gwamna Uba Sani ya faɗa da bakinsa cewa ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85, kuma ana zare kuɗin biya tun daga kason jihar na wata. Nawa ke saura na koyar da sana'a bayan an biya albashi? Wannan sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.